Mun Karantar da Ladabin Ɗalibi, Ina Ladabin Malami?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A watan da ya wuce muka sauke Ta'alimul Muta'allimi da ɗaliban zauren bayan Magariba. Littafi ne da muka karanta a gaban malaminmu muna samari, kuma tun daga nan muna karantar da shi. Sananne ne daga nan Damagaram har Kano har zangon Kumasi, ga shi ƙarami, ga arha, ana samunsa a shimfiɗar masu sayar da littattafai a ƙofar masallaci. Ranar saukar, wani ɗalibinmu da yake koyar da yara a wata makarantar Islamiyya ya ce: "Allah gafarta malam, da ma a ɗora wa yara wannan littafi tun suna aji uku, ko ma huta da surutu." Aka yi dariya, mu ma muka yi. Amma maganar ta kwana a ranmu.

Malamin nan ya ga ajinsa yana hayaniya, sai ya nemi magani a littafin da ke koya wa ɗalibi kame baki. Bai tambaya ba ko akwai littafin da ke koya wa malami yadda zai buɗe nasa. Kuma laifin bai tsaya kansa ba, domin mu da muka karantar da shi ba mu taɓa miƙa masa irin wannan littafi ba.

Kada wani ya ɗauka mun zo rage darajar Ta'alimu ne. Shehu Zarnuji, Allah Ya jiƙansa, Bahanafe ne, almajirin mai littafin Hidaya wanda ya rasu a shekara ta 593 bayan Hijira. Ya tsara littafinsa fasali 13, kuma fasalin niyya kaɗai ya isa a yi masa addu'a. Shi ne ya ba da shawara cewa mai fara karatu a ba shi gwargwadon abin da zai riƙe in an maimaita sau biyu, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, kuma ya fifita muzakara tsakanin ɗalibai a kan maimaici zalla. Akwai wuraren da mukan wuce da sauri in muna karantarwa, kamar batun cewa cin tuffa mai tsami ko karanta rubutun kan kabari na jawo mantuwa, da wasu hadisai da malaman hadisi ba su inganta ba. Ɗalibi mai hankali yakan ajiye waɗannan inda suka dace. Abin da ya kawo mu yau shi ne fasalin girmama malami, domin shi ne wanda malamai suka fi haddacewa. A nan ne aka hori ɗalibi kada ya fara magana sai an yi masa izini, kada ya yi tambaya in ya ga malam ya ƙosa, in ya je gidan malam ya jira a waje har ya fito.

To amma wane ɗalibi Zarnuji yake wa magana? A duba fasalin da ya gabaci wannan. Ɗalibinsa baligi ne da ya bar garinsu ya tafi neman fiƙihu, kuma an shawarce shi da ya yi wata biyu yana nazari yana shawara kafin ya zaɓi wanda zai zauna a gabansa. An ce masa ya nemi mafi ilimi, mafi tsantseni, mafi shekaru. Har misali aka kawo masa da Imamu Abu Hanifa, wanda ya zaɓi malaminsa Hammadu bayan ya same shi dattijo mai natsuwa da haƙuri. Ashe girmamawar da littafin ya nema ta biyo bayan tacewa ne: an riga an tabbatar malamin ya cancanta. Yanzu ɗauki yaro ɗan shekara bakwai da uwarsa ta jawo hannunsa ta kawo shi aji ɗaya. Wa ya zaɓa? Wanda ya tarar da alli a hannu shi ne malaminsa, ko mai haƙuri ne ko mai zafin rai. In muka ɗora masa sharuɗɗan Zarnuji, mu kuma muka sauke wa kanmu sharuɗɗan da Zarnuji ya gindaya wa malami, ai rabin littafin muka ɗauka, kuma rabin da ya yi mana daɗi.

Bari mu faɗi abin da muka gani da idonmu a wata makaranta, ba sai mun ambaci suna ba. Da la'asar ne, lokacin zafi, yara sun haura sittin a ɗaki mai taga biyu. Da yawansu tun safe suna lakwal suna fama da Faransanci, yanzu ga Larabci. Malam ya shigo da waya a kunne, bai yi sallama ba. Da ya gama wayar sai ya daki tebur da bulala: "Uskutu!" Aka yi tsit na ɗan lokaci. A numfashi ɗaya ya ce kowa ya fito da kaye, wanda bai kawo haddar jiya ba ya fito gaba, na bakin ƙofa su matso. Wasu suka buɗe jaka, wasu suka miƙe, wasu suka fara matsowa suna taka na zaune, ɗaki ya rikice. Ya sake dukan tebur. Daga nan ya juya musu baya yana rubuta farillan alwala bakwai, yana bayani yana kallon allo, na baya ba sa jin komai sai na kusa da su, don haka da su suke hira. Ya karanta, suka amsa da ƙarfi har sau uku. Ya ce: "Fahimtum?" Suka ce: "Na'am!" har rufin kwano ya amsa.

Muka nemi izini muka tambayi wata yarinya da ke sahun gaba, wadda ta fi kowa ɗaga murya, mece ce ma'anar addalku. Ta sunkuyar da kai. Muka tambayi aji duka, babu wanda ya ɗaga hannu. Cuɗa gaɓa da hannu yayin wankewa, abin da suke yi kullum a bakin buta, kuma farilla ne a mazhabarmu. Sun rera kalmar sau uku, sun ce sun fahimta, kuma ba wanda ya san cuɗawa ake nufi.

Wa ya yi ƙarya a ɗakin nan? Yara sun ce na'am alhali ba su gane ba. Amma wa ya sa su? Malamai magabata sun riga mu ganin wannan. Alƙali Badaruddini Ibnu Jama'a, Bashafi'e, wanda ya yi alƙalin alƙalai a Misra ya rasu a 733, yana da littafi mai suna Tazkiratus Sami'i wal Mutakallimi, kuma da ladubban malami ya fara kafin ya zo kan na ɗalibi. A ciki ya yi gargaɗi cewa bai kamata malami ya tambayi ɗalibi ko ya gane ba, matuƙar yana tsoron kunya ko wani abu zai sa ɗalibin ya amsa da e bai gane ba, domin ta haka yana iya jefa shi cikin ƙarya. Abin da ya ce a yi shi ne a jefa masa mas'ala a ga yadda zai warware ta. Fiye da shekara 700 ke nan da rubuta wannan, mu kuwa har yau "kun gane?" ita ce hatimin kowane darasi. Da malamin nan ya kira yaro ɗaya da sunansa ya ce zo ka nuna mana addalku a hannunka, da a minti ɗaya ya san inda ajinsa yake. Kuma da sauran sun natsu, domin kowa zai san ana iya kiran nasa sunan. Yaro yakan yi surutu ne in ya tabbata ba a ganinsa.

Littafin Ibnu Jama'a cike yake da irin waɗannan ƙananan abubuwa da mu muke raina wa. Ya yi maganar murya: kada ta wuce majalisi, kada kuma ta kasa kaiwa ga na ƙarshe. Ya ce malami ya zauna inda kowa zai gan shi, ya raba dubansa tsakanin ɗalibai, ya ɗan yi shiru in ya gama mas'ala don mai tambaya ya samu ƙofa. Ya ce kada ya karantar yana cikin fushi ko yunwa ko gyangyaɗi. Ya so ya san sunayen ɗalibansa, in ɗaya ya yi fashi ya tambayi lafiyarsa. Gaskiya ne shi ma manyan ɗalibai yake nufi, kamar Zarnuji. Amma in babba yana buƙatar a kira shi da sunansa a kuma ba shi damar tambaya, ina ga yaro?

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, littafin da ya yi magana kai tsaye a kan masu karantar da yara na gidanmu ne, na Malikiyya. Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda mahaifinsa ne mai Mudawwana, ya rasu a 256 aka binne shi a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya bar ɗan littafi mai suna Adabul Mu'allimina. Garin nan kuwa ba baƙo ba ne gare mu, daga can Risala ta fito, wadda ita ma don a karantar da yara aka rubuta ta. Mun rungumi Risala, mun bar Adabu. Ba za mu ɓoye ba, littafin ɗan Sahnunu busasshe ne, yawancinsa tambaya da amsa ne irin na fiƙihu a kan lada da hutu da horo, ba zai koya maka daɗin baki ba. Aikinsa shata iyaka. Kada malami ya doki yaro don huce fushinsa. Kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Kada ya taɓa fuska ko kai. Ya daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Kada ya aiki yara sabgoginsa, kada ya shagala da wani abu ya bar su, kuma bai so a ba wani yaro bulala ya doki ƴan'uwansa ba. Wanda ya san makarantunmu ya ƙirga da kansa nawa muke kiyayewa. Malam yana waje yana waya, shugaban aji yana ciki da tsumagiya yana rama faɗan unguwa, wannan ai kowa ya gani.

Bayansa aka yi Abul Hasan Alƙabisi, shi ma Baƙairawane, ya rasu a 403, ya faɗaɗa maganar. Shi ya jera matakai: a fara da sauƙi, in bai yi ba a tsawatar da baki, duka ya zo a ƙarshe in ya zama dole. Kuma ko a tsawatarwar ya hana zagi, har ya kawo misalin kiran yaro da biri a cikin abin da bai halatta malami ya faɗa ba. A nan dole mu tsaya, domin wannan hukunci ya hau kanmu.

Shekarun farko da muka fara riƙe aji, an kawo mana wani yaro dogo, ya girmi ƴan ajin. In mun yi masa tambaya sai ya zuba mana ido. Mu maimaita da ƙarfi, ya ƙara zuba ido. Wata rana haushi ya kama mu muka ce: "Kai wannan ai gunki ne." Aji ya kwashe da dariya, kuma wallahi mun ji daɗin dariyar, domin rannan an saurare mu. Suna ya bi shi, a aji Gunki, a hanya Gunki. Bai cika shekara ba ya daina zuwa, mu kuma ba mu tambaya ba. Daga baya muka ji cewa daga ruga aka kawo shi wajen kawunsa, Fulatanci ne a bakinsa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Muna fassara masa Larabcin da bai sani ba da Hausar da bai sani ba, sannan muka zage shi don bai amsa ba. Bayan shekaru masu yawa muka haɗu da shi a kasuwar dabbobi, magidanci da gemunsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu, ya ƙi tashi sai da muka kama hannunsa. Duk ladabin da Zarnuji ya nema ga ɗalibi yana da shi. Da hira ta yi nisa muka tambaye shi karatu, ya ce tun daga lokacin bai koma wata makaranta ba, da ƙananan surori yake salla. Mun roƙe shi gafara a wurin, ya ce ba komai, kamar yadda mai kunya kan faɗa. Har yau in muka zo fasalin girmama malami shi muke tunawa.

A garuruwanmu akwai yaran Barebari da Fulani da Buzaye a kusan kowace makaranta. Kafin malami ya yanke cewa yaro daƙiƙi ne, ya fara bincika da wane harshe ake masa magana a gida, kuma ko kunnensa na ji sosai.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mana: mu ma da dorina aka karantar da mu, ga shi mun zama mutane. Muna ƙirga waɗanda suka jure ne, ba ma ƙirga waɗanda suka gudu, kuma su ba sa zuwa taron malamai balle su ba da nasu labarin. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya ware fasali guda a Muƙaddima a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibai. A bayaninsa, wanda aka rena da gallazawa yakan rasa kuzari, ya koyi ƙarya da yaudara, ya saba nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannun da ke kansa. Wannan "na'am" da muka ji a ajin can, ai ita ce ya siffanta.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Malami zai ce: yara sittin, ɗaki ɗaya, albashin da bai kai ƙarshen wata ba, wani lokaci ma iyaye ba su biya ba, sannan a ce in yi magana a hankali? Gaskiya ne. Wannan nauyi ne a kan kwamitocin makarantu da iyaye, kuma duk wanda ya cusa yara sittin a ɗaki ɗaya yana da kaso a cikin kowace tsawa da aka yi a ɗakin. Sai dai mu tambayi malamin: ihun da kake yi, ya rage maka gajiya ne ko ya ƙara? Wanda ya fara darasi da muryarsa ta ƙarshe ba shi da sauran abin ƙarawa in an sake surutu, sai bulala. Malaminmu na zaure, Allah Ya jiƙansa, muryarsa ba ta wuce tabarmarsa. In aka fara ƙus-ƙus sai ya rufe littafi ya sa hannu a kai ya yi shiru yana duban mai maganar. Ba a minti ɗaya wuri ya yi tsit. Mun daɗe muna zaton wannan sai a zaure, inda manya goma ne. Da muka gwada a ajin yara, makon farko ya yi wuya, shirun yakan yi tsawo har mutum ya ji kamar ya fasa. Bayan nan suka gane cewa ba a fara karatu sai an natsu. Haka nan umarni: ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a ga an yi, sannan na biyu. Kuma "ku buɗe shafi na tara ku sa yatsa a layin farko" ta fi "ku yi shiru" kawo shiru, domin ta ba hannu da ido abin yi. Mai surutu a baya kuwa, taka ka je ka tsaya kusa da shi kana ci gaba da darasi. In akwai faɗa, a yi shi bayan an tashi, ku biyu. Imamu Gazali ya faɗa a Ihya'u cewa gyara da ishara da tausayi ya fi na fili da kunyatarwa, domin kunyatarwa takan yaye kwarjini ta sa ɗalibi ya ƙara taurin kai. Duk wannan ba ya cin ko dala.

Kuma ba daga Turawa muka aro shi ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce ba ya zuba magana a jere da sauri, mai son ƙirga kalmominsa zai iya. A Sahihu Muslim akwai labarin Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana ana cikin salla don bai san an hana ba. Sahabbai suka zuba masa ido, suka riƙa buga cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka sallame, Manzon Allah ya bayyana masa cewa zancen mutane bai dace a cikin salla ba, kuma Mu'awiya da kansa ya shaida cewa bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, kuma bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba. Magana a cikin salla fa, ba a cikin darasin nahawu ba. Mukan karanta wannan hadisi a babin abin da ke ɓata salla, mu ciro hukuncin mu wuce, mu bar yadda aka isar da hukuncin.

Ku kuma ɗalibai da ke karanta wannan, kada wani ya ɗauki takardar nan ya je yana nuna wa malaminsa. Abin da Zarnuji ya ɗora muku yana nan daram. Abu ɗaya muke ƙara muku: in ba ka gane ba, ɗaga hannu ka ce "Malam, ban gane ba." Wannan ba rashin ladabi ba ne, kuma mun roƙi malamai kada su hukunta wanda ya faɗa. Iyaye kuma, in yaro ya dawo, a bar tambayarsa ko an yi karatu. A ce ya nuna abin da aka koya masa, ga buta ga ruwa.

Mun yi shawara da shugabannin ƙungiya, an amince cewa littafin da zai biyo bayan Ta'alimu a zauren bayan Magariba shi ne Adabul Mu'allimina, in an sauke shi a ɗauki babin ladubban malami na Tazkira. Za a fara ranar Laraba ta farko a watan gobe, in Allah Ya so. Muna roƙon duk mai riƙe da aji a makarantunmu, maza da mata, ya halarta, kuma an tanadi wurin malamai mata a bayan labule kamar yadda aka saba. Kwafi ɗaya ne a hannunmu, wanda yake so a buga masa hoton shafukan ya ba ladan sunansa kafin Juma'a.